SAT ko ACT: wacce ɗan aji 11 zai rubuta a Amurka?

Mu da muka yi sakandare a gida mun taso da sanin ƙofar jami'a guda ce. Ka rubuta WAEC, ka rubuta JAMB, ka koma gida ka jira a kafe sunaye. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da BAC ɗinsu. Ba wanda ya taɓa tambayar ka wace jarrabawa ranka yake so. Shi ya sa ranar da babbar 'yata ta dawo daga makaranta, tana aji 11, ta ce, "Baba, SAT zan yi ko ACT?" wato jarrabawa biyun da ake neman jami'a da su a nan Amurka, sai na ba ta amsar da nake ganin ta dace da uba mai kishin ilimi: ta yi duka biyun. Na sayo mata littattafai biyu, kowane ya kai kaurin bulo. Wata uku tana tsalle daga wannan zuwa wancan, ba ta ƙware a ko ɗaya ba, makinta na kemistiri a aji kuma ya fara zamewa. Malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu, wadda yaran ke kira kansilo, ita ta kira ni ta faɗa mini da Turanci abin da kakata ta sha faɗa da Hausa, cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Aji 11 a nan daidai yake da SS2 a Najeriya, shekara ɗaya kafin ta ƙarshe. Nauyinsa ya fi na aji 12 a wajen neman jami'a, domin ana buɗe shafin Common App, inda ake neman jami'o'i da yawa da takarda ɗaya, ranar 1 ga Agusta, kafin yaro ya ma shiga ajin ƙarshe, masu neman shiga da wuri kuma suna miƙa takardunsu tun 1 ko 15 ga Nuwamba. To me jami'a za ta gani a lokacin? Sakamakon aji 9 da 10 da 11, da wasiƙun malaman da suka koyar da shi a aji 11, da makin jarrabawa idan akwai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a shiga bambance-bambance, a kawar da wata jita-jita da nake yawan ji a wurin suna da bayan sallar Juma'a, wai manyan jami'o'i SAT suka fi so, ACT ta masu neman sauƙi ce. Babu wannan. Duk jami'ar da ke karɓar ɗaya tana karɓar ɗayar, daga Harvard har jami'ar jihar da kake zaune. Asalin maganar tarihi ne kawai. Hukumar College Board ta fara SAT a 1926, ta yi ƙarfi a gabar gabas da ta yamma. ACT kuwa a 1959 aka fara ta a Iowa, ta mamaye jihohin tsakiya da na kudu. Mu da yawancinmu muka sauka a New York SAT muka fara ji, muka ɗauka ita ce babba. A 2018 hukumomin biyu suka haɗa kai suka fitar da jadawalin musanya maki: 24 a ACT tana daidai da 1160 zuwa 1190 a SAT, 30 tana daidai da 1360 zuwa 1380, 34 kuma 1490 zuwa 1520. A idon jami'a ɗan juma ne da ɗan jummai. Bambancin yana wajen yaron, wato wacce ce za ta fito da abin da ke kansa.

Kuma duk wanda ɗansa ya rubuta ɗayansu shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ya yi hattara wajen ba da shawara, don an sake wa kowacce fasali. Littattafan da babban yaro ya bari a gida ma yawancinsu sun tashi aiki.

SAT ta bar takarda da fensir. A wajen Amurka tun Maris 2023, a cikin Amurka tun Maris 2024, a kwamfuta ake rubuta ta, cikin wata manhaja mai suna Bluebook. Awa 2 da minti 14 ce, tambaya 98. Karatu da rubutu tambaya 54 cikin minti 64, lissafi tambaya 44 cikin minti 70, da hutun minti 10 a tsakani. Maki daga 400 zuwa 1600, rabi na Turanci rabi na lissafi. Abin da ya sa ta fita daban shi ne kowane ɓangare an raba shi zango biyu, kuma yadda yaro ya yi a zangon farko shi ke zaɓa masa zango na biyu. In ya yi ƙoƙari, a ba shi mai tsauri, wanda ta nan ne kaɗai ake kaiwa maki na sama. In ya yi sakaci, a ba shi mai sauƙi, ko ya cinye shi duka akwai iyakar da makinsa ba zai wuce ba. Saboda haka yaron da sai an yi nisa hankalinsa ke dawowa jikinsa, mai ɗari-ɗari a rabin awar farko, SAT na iya yi masa illa tun bai farga ba. 'Yata ta fito daga ɗakin jarrabawa tana kuka wai zango na biyu na lissafi ya yi wuya, ba ta san wahalar nan albishir ba ce.

ACT ba ta da wannan. Jarrabawa ce miƙaƙƙiya, tambayar da aka shirya ita za ka tarar, ko ka yi kyau a baya ko ba ka yi ba. A da tambaya 215 ce cikin kusan awa uku, har yara ke yi mata kallon tseren gudu. Daga Afrilu 2025 aka fara rage ta ga masu rubutawa a kwamfuta, daga Satumba 2025 ga masu takarda. Yanzu Turanci tambaya 50 ne cikin minti 35, lissafi 45 cikin minti 50, karatu 36 cikin minti 40. Sashen kimiyya, tambaya 40 cikin minti 40, ya zama ganin dama, haka ma rubutun insha'i. Kowane sashe ana ba shi maki daga 1 zuwa 36, sai a haɗa Turanci da lissafi da karatu a raba uku, a fitar da maki guda. A cikin Amurka har yanzu yaro na iya zaɓar takarda da fensir, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba ja wa layi a ƙarƙashin abin da yake karantawa, ko wanda idonsa ke gajiya da allon kwamfuta.

Agogo

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya raba su, agogo zan ce. A raba mintunan da yawan tambayoyi a gani. A SAT yaro yana da kamar daƙiƙa 71 a kowace tambayar Turanci, da daƙiƙa 95 a kowace ta lissafi. A ACT, ko bayan ragin da aka yi, daƙiƙa 42 ce a Turanci, 67 a lissafi, 67 a karatu, kuma a cikin 67 ɗin nan ne zai karanta dogon rubutun da aka ciro tambayoyin daga ciki. Tambayoyin ACT galibi a fili suke, amsar tana nan cikin rubutun, nemo ta kawai za ka yi, amma da gudu. Na SAT sun fi murɗiya. Za a ba ka ɗan sakin layi, wani bai fi jimla uku ba, mafi tsawo bai wuce kalma 150 ba, a yi maka tambaya ɗaya tak a kansa, sai a wuce wani. Wannan kan tsuntsaye, na gaba kan wata tsohuwar waƙar Turawa, na gaba kan tattalin arziki. Amsoshi biyu sukan yi kama da juna kamar an tsaga kara, sai ka natsu za ka ga inda ɗaya ta kauce.

A nan ne ya kamata uba ya san ɗansa. Akwai yaron da ke karatu kamar ruwa, ya cinye littafin labari cikin kwana biyu, amma in ka tsare shi kan jimla ɗaya ka ce ya tono ma'anarta sai ya ƙosa. Wannan ɗan ACT ne. Akwai kuma wanda ke karatu a hankali, yana motsa leɓe, wataƙila a zuci yana mayar da abin Hausa ko Faransanci kafin ya gane, amma in ya gane ya gane. Irin wannan in ka sa shi a ACT zai bar tambaya goma a ƙarshe bai taɓa ba, ya yi musu canki-canka. Ba a rage maki don an yi kuskure a duka jarrabawar biyu, don haka kada a bar gurbi fanko, amma canki-canka ba ta kai mutum nesa. Yawancin yaranmu da suka zo ƙasar nan da wayonsu, suna da shekara goma ko goma sha biyu, a rukuni na biyu suke, kuma a ganina SAT ta fi yi musu adalci.

Sai dai akwai wani gyara. Ɗalibin da makaranta ta yi wa rajista a matsayin mai koyon Turanci yana iya samun ƙarin lokaci, rabin abin da aka ba kowa a ɗora masa, da izinin shiga da ƙamus na kalma da kalma. ACT tana ba da wannan har a jarrabawar Asabar, in makaranta ta nema masa da wuri. College Board kuwa tana ba da shi ne a SAT ɗin da ake yi cikin makaranta a ranar karatu, ba ta Asabar ba. Ga yaron da ya zo daga Maradi ko Damagaram shekara biyu da suka wuce, wannan kaɗai na iya juya lissafin gaba ɗaya, domin ACT da ƙarin lokaci wata jarrabawa ce daban. Ba a ba da shi sai an nema, kuma kansilo mai ɗalibai ɗaruruwa ba lallai ta tuna da ɗanka ba. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Nauyin lissafi

Abu na biyu ya fi na farko sauƙin aunawa, amma iyaye ba su cika lura da shi ba. A SAT lissafi rabin maki ne, 800 cikin 1600. A sabuwar ACT kashi ɗaya ne cikin uku, sauran biyun duk harshe ne. A ƙaddara yaro gwanin lissafi ne amma Turancinsa na tsaka-tsaki. A ACT ya ci 30 a lissafi, 21 a Turanci, 21 a karatu, an haɗa an raba ya tashi da 24. Raunin nasa an ƙirga shi sau biyu, ƙarfinsa sau ɗaya. A SAT kuwa ƙarfin da raunin kunnen doki za su yi. Ita kuma yarinyar da ke rubutu kamar ba gobe amma aljabara ke sa mata ciwon kai, ACT ce za ta rufa mata asiri.

Irin lissafin ma ba ɗaya ba ne. SAT ta dage kan aljabara, kusan kashi 70 cikin 100 na tambayoyinta daga nan suke, mai sauƙi da mai zurfi, sauran kuma a raba tsakanin nazarin alƙaluma da jometiri. Tana ba da ƙa'idojin lissafin fili da na da'ira a shafi, ba sai ka haddace ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin ba su da zaɓi, kai za ka rubuta amsar da hannunka. Kuma an saka kalkuletar Desmos a cikin manhajar, mai zana hoton lissafi nan take. Yaron da ya zauna ya koyi Desmos da kyau zai warware tambayoyi da yawa ba tare da ya taɓa biro ba, kuma wannan koyo na mako biyu ne, kyauta a intanet. ACT ta fi faɗi. Tana taɓo ko'ina, jometiri da yawa, tirigonometiri, har da 'yan abubuwan da ba kowane ɗan aji 11 ne ya kai gare su ba, kuma ba ta ba da takardar ƙa'idoji, sai abin da ke kanka. Yaran da suka yi firamare da ƙaramar sakandare a gida, inda aka saba da hadda, wannan ba ya ba su tsoro. Duk tambayoyinta na zaɓi ne, an ma rage zaɓin daga biyar zuwa huɗu.

Sashen kimiyya na ACT kuwa sunansa ya fi shi ban tsoro. Ba tambayar sunayen ƙasusuwa ake yi ba. Jadawali ne da zane da bayanin gwaji, a ce ka karanto abin da suka nuna. Makinsa ba ya shiga babban makin yanzu. Wanda ke son injiniya ko likitanci ya ƙara 'yan daloli ya yi shi, domin akwai jami'o'in da ke so su gani, kuma gara a ce kana da shi ba a nema ba.

Inda kake zaune

Wani lokaci jiharka ta riga ta yi maka rabin zaɓin. A birnin New York, makarantun gwamnati suna ba 'yan aji 11 SAT kyauta a cikin makaranta, a ranar karatu, tun 2017. 'Yan'uwanmu na Greensboro kuwa, a North Carolina, ACT ake ba kowane ɗan aji 11. Michigan SAT take yi. Illinois ta yi shekaru kan SAT, ta koma ACT a 2025. A Ohio kowace gundumar ilimi ce ke zaɓar ɗaya. Wannan yana da tasiri fiye da kuɗin da aka rage maka, don malamai sukan karkata darasinsu wajen jarrabawar da jihar ke bayarwa, abokan yaron ma ita suke shirya wa. Idan gwaji ya nuna yaro daidai yake a duka biyun, ya bi ta jiharsa, magana ta ƙare.

Kuɗin rajista dala 68 ne kowacce a shekarar karatu ta 2025/2026, ban da ƙarin kimiyya ko insha'i a ACT. Iyalin da 'ya'yansu suka cancanci abincin rana kyauta ko mai rangwame a makaranta ana yafe musu: College Board sau biyu, ACT ma tana yafewa, kuma yafewar kan jawo yafe kuɗin neman shiga jami'o'i da dama. Na ga magidanta suna jin nauyin tambaya, kamar bara za su yi. Haƙƙi ne da aka tanada, ta hannun kansilo ake karɓa. Wanda ba shi da kwamfuta kuma College Board tana ba da aro, in an nema aƙalla kwana 30 kafin ranar. Wajen kayan shiri na kyauta SAT ta yi gaba, domin akwai cikakkun jarrabawar gwaji a cikin Bluebook, ga darussan Khan Academy da aka tsara tare da College Board. ACT ma tana da gwaji kyauta a shafinta, sai dai tunda sabon fasalin bai daɗe ba, kayansa ba su kai na SAT yawa ba. Masu lesin da ke karɓar dala ɗari a awa suna nan birjik. Ban ce ba su da amfani ba, amma kada a biya kowa sisi kafin yaro ya gama na kyauta.

SAT tana da wata riba guda da ACT ba ta da irinta. A watan Oktoba na aji 11 ake rubuta PSAT, ƙanwar SAT, mai maki 320 zuwa 1520. Jami'o'i ba sa duba makinta wajen ɗauka, amma ita ce ƙofar gasar National Merit, inda ake ware ɗalibai kusan 16,000 da suka fi maki a jihohinsu, wasu su samu dala 2,500, wasu jami'o'in kuma su yi musu tayin da ya ninka haka nesa ba kusa ba. Ga mafi yawan yara amfaninta shi ne gwaji ce a ɗakin jarrabawa na gaske, kuma sakamakonta ya isa ya tsaya a madadin gwajin SAT wajen kwatantawa.

To, in an ƙi duka biyun fa?

Tun annobar korona a 2020 yara suka samu abin faɗa: "Baba, ai yanzu ba dole ba ce." Da gaskiyarsu, amma rabi. Jami'o'i da yawa har yau ba sa tilasta ta. SUNY, jami'ar gwamnatin jihar New York, ta mayar da hakan dindindin a 2023, Columbia ma haka. Jami'ar California da duk rassanta ba ta ma duba maki ko ka aika. Kwalejojin shekara biyu irin su Hostos da Bronx Community College ba ruwansu da ita, kuma hanya ce mai mutunci da arha, da yawa daga cikin yaranmu ta nan suka bi suka ƙarasa digiri. Amma iska ta juya a sama. MIT ta dawo da sharaɗin a 2022. A 2024 Dartmouth da Brown da Harvard da Caltech da Jami'ar Texas ta Austin suka bi sahu, Yale ma ta ce sai da maki, ko da na AP ko IB ne, wato jarrabawar darussa masu zurfi da ake yi a sakandare. Stanford da Cornell da Penn sun biyo baya. Jami'o'in gwamnatin Florida dama ba su taɓa sakewa ba, kuma tallafin karatu na jihar, Bright Futures, da maki ake samun sa. Yaro ɗan shekara 16 bai san inda zai so zuwa bayan wata goma ba. In bai rubuta ba ya rufe wa kansa ƙofofin da bai ma san da su ba.

Dalilin da Dartmouth ta bayar ya shafe mu kai tsaye. Malamanta sun bincika takardun masu nema, suka gano cewa 'ya'yan marasa ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba suna ɓoye maki irin su 1400, suna ganin bai kai ba tunda 'ya'yan masu hali na kawo 1550, alhali da sun aika da ya taimake su. Jami'a tana auna maki ne da makarantar da yaro ya fito. Matsakaicin makin SAT na waɗanda suka gama sakandare a 2024 shi ne 1024, na ACT kuma 19.4. Ɗan direban tasi da ya fito daga makarantar da yawancin ɗalibanta ke ƙasa da 1000, ya kawo 1350, ya faɗi wani abu game da kansa da babu wasiƙar malamin da za ta faɗa.

Don haka rubutawa daban, aikawa daban. A rubuta tukuna. In maki ya fito, sai a duba kowace jami'a. Kusan kowacce tana wallafa wata takarda mai suna Common Data Set, a sashen C9 za a ga makin da rabin ɗalibanta na tsakiya suka shigo da shi. In na yaro ya shiga tsakanin, a aika. In ya yi ƙasa sosai kuma jami'ar ba ta tilasta ba, a bar kaza cikin gashinta. In kuwa ya ɗan gaza kaɗan amma ya yi wa na makarantarsu fintinkau, ni dai aikawa zan ce, bayan an ji ta bakin kansilo.

Yadda na yi da ƙanin 'yata

Da aka zo kan na biyu ban sayi littafi ko ɗaya ba. A hutun ƙarshen Disamba na ware Asabar biyu. Ta farko ya yi gwajin SAT a Bluebook, ƙarfe takwas na safe, a teburin cin abinci, waya tana aljihuna. Ta biyu na buga masa gwajin ACT a takarda, na zauna da agogo ina cewa "ajiye biro" kamar mai gadin jarrabawa, uwarsa tana yi mana dariya daga kicin. Muka ɗora makin biyu kan jadawalin musanya. Ƙa'idar da na bi ita ce, in tazarar ta kai maki biyu na ACT, wato wajen 60 zuwa 80 na SAT, a bi wadda ta fi. In ba ta kai ba, a tambayi yaron wacce ce bai tsana ba, domin shi zai zauna da ita wata uku. Nasa ACT ce ta fi da tazara, duk da a New York muke, duk da yayarsa SAT ta yi. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai ranar rubutawa. SAT ana yin ta a Maris, Mayu, Yuni, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba. ACT a Fabrairu, Afrilu, Yuni, Yuli, Satumba, Oktoba da Disamba, sai dai an daɗe ba a buɗe cibiyar ta Yuli a jihar New York. A shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, kuma bana ko baɗi yana iya haɗuwa da ɗayan ranakun nan. Da safe ake yi, yunwa ba ta kama ba tukuna, amma rashin barci tsakanin tarawihi da sahur shi ne matsalar, don haka a duba kalanda kafin a biya. Makonni biyun farko na Mayu na jarrabawar AP ne, Yuni kuma a New York na Regents ne, jarrabawar jiha, kuma makin darussan nan yana shiga takardar sakamakon da ta fi SAT da ACT nauyi a idon kowace jami'a. Yaron da ya bari makin aji ya faɗi don neman ƙarin 40 a SAT ya sayar da saniya ya sayi akuya. Ɗana ya yi ta farko a Afrilu, ta biyu a Satumba. Sau biyu ya isa, uku in ya matsa. Jami'o'i da yawa suna tsinto mafi kyawun makin kowane sashe daga zama daban-daban su haɗa, ACT ma da kanta take fitar da irin wannan haɗin, ko da yake akwai irin su Georgetown da ke cewa a kawo musu duk zaman da aka yi.

Masu karanta wannan daga gida, waɗanda 'ya'yansu ke SS2 suna hangen Amurka, lissafinsu ya ɗan bambanta. A wajen Amurka ACT ma a kwamfuta ake yin ta, babu zaɓin takarda, kuɗin duka biyun ya haura dala 100, cibiyoyin SAT kuma sun fi samuwa. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas yana ba da shawara. Sannan a Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sanya takunkumi kan bizar ɗalibai ga 'yan Najeriya, ta rufe wa 'yan Nijar ƙofa baki ɗaya, bayan Chadi da Sudan da aka rufe wa tun Yuni na shekarar. A tabbatar da halin da ake ciki kafin a canji naira ko sefa zuwa dala.

Auta tana aji 10 yanzu. Ta riga ta sanar da ni cewa ita SAT za ta yi, don ƙawayenta duk ita za su yi. Na ce mata to, Allah ya kai mu Disamba, akwai Asabar biyu da na ajiye mata.